Mansa Musa da hajjinsa na 1324: tambayoyi da amsoshi

Kusan duk wata sai hoton nan ya sake zagayowa a WhatsApp da Facebook: baƙin sarki zaune a kan karaga, kambi a kansa, dunƙulen zinariya a hannunsa, a ƙasa kuma an rubuta wai tun da aka halicci duniya ba a yi mai kuɗi kamarsa ba. Ɗalibaina na ajin tarihi sun sha miƙo mini shi a waya suna cewa, "Malam, wannan gaskiya ne?" Tambayoyin nasu kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan. Mutumin dai ya rayu, hajjinsa ya faru, kuma waɗanda suka zauna da shi sun ba da labari an rubuta. A ganina abin da suka bari ya fi ƙarin gishirin da ake yi masa yau daɗin ji, ya kuma fi shi amfani.

Wane ne Mansa Musa?

Sarkin daular Mali ne, ya hau mulki wajen shekarar 1312, ya yi kimanin shekara 25 a kan gado. "Mansa" sarauta ce, ma'anarta sarki a harshen Mandinka. Ana kuma ce masa Kankan Musa, wato Musa ɗan Kanku, da sunan mahaifiyarsa, domin al'adar mutanen Mande ce, wato al'ummar da Mandinka suke cikinta, a jingina ɗa ga uwarsa. Ya fito daga gidan Keita, gidan Sunjata wanda ya kafa daular bayan ya ci Sumanguru Kante, sarkin Soso, a yaƙin Kirina wajen 1235. Kada a rikita Mali ta wancan zamani da ƙasar Mali ta yau. Tsohuwar daular ta haɗa sassan Mali da Gini da Sanagal da Gambiya da kudancin Muritaniya na yanzu, tun daga bakin Tekun Atalantika har zuwa lanƙwasar kogin Neja.

Daga ina aka san labarinsa, tunda an yi shekara 700?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a fara yi, amma ita ake mantawa. Mafi ƙarfin bayani ya zo daga marubutan Larabawa na ƙarninsa. Na farko shi ne Al-Umari, mutumin Dimashƙu, ma'aikacin fadar sarakunan Mamluk, masu mulkin Masar da Sham a lokacin. Bai ga Musa da idonsa ba, amma ya zo Alƙahira kimanin shekara 12 bayan wucewar ayarin, ya bi jami'an da suka karɓi baƙin ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsu. Na biyu Ibn Baɗuɗa, wanda ya taka ƙasar Mali da ƙafarsa a 1352 zuwa 1353, a zamanin Mansa Sulaiman ɗan'uwan Musa. Na uku Ibn Khaldun, wanda ya jero sarakunan Mali daga bakin mutanen da suka san ƙasar, har da wanda ya yi tafiya tare da Musa a hanyar komawa.

Sai littattafan tarihi biyu na Tumbutu, Tarikhus Sudan da Tarikhul Fattash. Su 'yan ƙasa ne suka rubuta su, amma a ƙarni na 17, shekara 300 da wani abu bayan hajjin. Cikin wannan tsawon lokaci labari ya riga ya sha hannu. Don haka duk inda ka ji wani adadi ko wata ƙissa game da Musa, tambayi wa ya faɗa, kuma yaushe.

Da gaske ne shi ya fi kowa kuɗi a tarihin duniya, har dala biliyan 400?

Wannan adadi ba ya cikin kowane tsohon littafi. Wani shafin intanet na Amurka mai lissafin dukiyar taurari ne ya fitar da shi a 2012, jaridu suka ɗauka, daga nan ya zama kamar karatu. Babu kundin baitulmalin Mali da ya rage, babu rasit, babu lissafin haraji. Kuma dukiyar sarki a wancan zamani ba a raba ta da dukiyar ƙasa, balle a auna ta da dala.

Abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne, a ƙarni na 14 babban kaso na zinariyar da ake buga dinari da ita a Arewacin Afirka, wadda kuma take ƙetarawa Turai, daga Afirka ta Yamma take fitowa, kuma sarkin Mali ne yake zaune a bakin ƙofarta. Wannan kaɗai ya isa girma. Yana ɓata mini rai in ga muna riƙe da lambar da wani ya ƙirƙira a ofishinsa, muna sakin hujjar da babu mai iya musa mana ita.

To ina ya samo zinariyar?

Daga wurare biyu musamman: Bambuk, tsakanin kogin Sanagal da kogin Faleme, da kuma Bure a saman kogin Neja, cikin Gini ta yau. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne sarkin ba shi ne yake haƙa ba, kuma bai mallaki ramukan kai tsaye ba. Masu haƙar manoma ne masu addinin gargajiya, sarki yana karɓar gandu daga gare su, yana kuma karɓar kuɗin fito daga fatake. A Alƙahira an ji daga bakin Musa cewa sarakunan Mali sun lura duk lokacin da suka ci ƙasar zinariya da yaƙi suka shigar da mulkinsu, sai zinariyar ta ja baya, shi ya sa suka ƙyale mutanen da al'adarsu, suka wadatu da abin da ake kawo musu.

A ƙasashen Larabawa kuwa an daɗe ana cewa zinariya tsiro take yi a ƙasar baƙaƙe, ana tuge ta kamar karas. Har a zancen da aka ɗauko daga ayarin Musa akwai irin wannan magana ta tsiron zinariya. Ni dai ina ganin fatake sun ji daɗin wannan tatsuniya, domin wanda ya yarda da ita ba zai tashi neman hanyar rami ba.

Zinariya kuma ba ita kaɗai ba ce. Gishiri yana saukowa daga Tagaza, wani ƙauye a tsakiyar hamada wanda Ibn Baɗuɗa ya ce gidajensa da masallacinsa da kantun gishiri aka gina su, aka yi rufi da fatun raƙuma. Akwai kuma jan ƙarfe, wanda Musa da kansa ya ce yana cikin abubuwan da suka fi kawo masa kuɗin shiga.

Mutum nawa ne a ayarin, kuma zinariya nawa suka ɗauka?

Nan ne adadi yake rawa. Ibn Khaldun ya ce kaya 80 na garin zinariya, kowane kaya ƙinɗari uku. Al-Umari ya ji an ce kaya 100. Idan aka ɗauki ƙinɗarin Masar a kilo 45, kayan raƙumi ɗaya ya kama kilo 135, kaya 80 kuma ya haura tan 10. Ibn Khaldun ya kuma ambaci bayi 12,000 masu ɗaukar kayan sarki, sanye da alharini. Adadin mutum 60,000 da aka fi yaɗawa daga Tarikhus Sudan yake, tare da bayi 500 da aka ce suna tafe a gabansa kowanne riƙe da sandar zinariya mai nauyin miskali 500.

Duk wanda ya san rijiyoyin hamada zai yi shakkar 60,000. Rijiya ɗaya ba ta shayar da wannan taro da dabbobinsu a yini guda, ko da an kasa ayarin kashi-kashi. Dubbai ne dai babu shakka, kuma sun isa su cika idon mutanen Alƙahira, birnin da ya saba ganin ayarin alhazai kowace shekara.

Me ya faru da ya isa Alƙahira?

Ya isa a watan Yulin 1324, wato Rajab na shekarar 724 bayan Hijira, ya yada zango kwana uku kusa da dalar Fir'auna kafin ya shiga gari. Sarkin Masar a lokacin shi ne An-Nasir Muhammad ɗan Ƙalawun. Jami'in da aka ɗora wa karɓar baƙi ya ba Al-Umari labari cewa Musa ya karɓe shi da mutunci, amma ba ya yi masa magana sai ta bakin tafinta, alhali yana jin Larabci sarai. Wanda ya san fadojinmu ba zai yi mamaki ba. Sarki ba ya ɗaga murya ga baƙo, akwai mai isar da magana.

Sai aka zo batun gaisuwa. Al'adar fadar Mamluk ita ce duk wanda ya shiga gaban sarki sai ya faɗi ya sumbaci ƙasa. Musa ya yi ta kakkaucewa, yana cewa shi hajji ya zo, ba ya so ya gauraya shi da wani abu. Jami'in ya gane inda gizo yake saƙa: sarki ne ba ya so ya faɗi gaban sarki. Da aka matsa har ya shiga fada, aka ce ya faɗi, ya ƙi a fili. Sai wani mai hankali cikin mutanensa ya raɗa masa magana a kunne, shi kuma ya ce yana yin sujada ga Allah da ya halicce shi, ya kai goshinsa ƙasa, sannan ya matsa wajen sarkin. An-Nasir ya miƙe ya tarbe shi, ya zaunar da shi kusa da shi. Kowa ya fita da girmansa.

Akwai wata ƙissa da na fi so a duk labarin. Ibn Amir Hajib, hakimin tsohon garin Alƙahira, ya shaƙu da Musa har suna hira ta sirri. A cikin hirar ya ji cewa a Mali idan wani ya haifi 'ya kyakkyawa yakan kai wa sarki ita, sarki ya riƙe ta kamar ƙwarƙwara ba tare da ɗaurin aure ba, alhali 'ya ce ba baiwa ba. Ya ce masa wannan bai halatta ga Musulmi ba. Musa ya tambaya, ko ga sarakuna? Ya ce ko ga sarakuna, ya tambayi malamai. Musa ya rantse bai sani ba, ya ce ya bari daga ranar. Mutumin da dubban mutane suke zuba ƙasa a ka idan ya yi magana, ga shi a baƙon gari an gyara masa kuskure ya karɓa nan take. Wannan ya fi gaya mini ko wane ne shi fiye da kayan raƙuma 80.

Ya yi kusan wata uku a garin. Ya yi kyauta har babu wani mai muƙami a fada da bai samu rabonsa ba, ya kuma sayi littattafan fiƙihun Malikiyya. 'Yan kasuwar Alƙahira su ma sun ci kasuwarsu. Sun faɗa da bakinsu cewa rigar dinari ɗaya sukan sayar wa mutanen Mali dinari biyar, su kuwa baƙin su biya ba ciniki, saboda sun yarda da duk abin da aka gaya musu. Daga baya da suka gane, zuciyarsu ta ɓaci da mutanen Masar ƙwarai.

Gaskiya ne ya karya darajar zinariya a Masar har shekara 12?

Asalin maganar daga Al-Umari take, kuma ya ba da lamba. Ya ce kafin zuwan ayarin miskalin zinariya ba ya sauka ƙasa da dirhamin azurfa 25, bayan zuwansu kuwa bai ƙara wuce 22 ba, har lokacin da yake rubutu. Miskali kimanin giram huɗu da kwata ne. Daga 25 zuwa 22 faɗuwar kashi 12 cikin ɗari ke nan. Abu ne da mai canji zai ji a jikinsa, amma bai kai rushewar tattalin arzikin Masar da ake bazawa ba. Masana kuɗin zamanin Mamluk sun nuna cewa canjin zinariya da azurfa dama yakan hau ya sauka a wannan tsakanin saboda wasu dalilai. Maganar da ake ƙarawa cewa wai da ya ga ɓarnar da ya yi sai ya ranto zinariyar don ya gyara kasuwa, ita kam ƙawa ce aka yi wa labari. Dalilin rancen daban ne.

Mai wannan dukiya, me ya kai shi cin bashi?

Guzuri ne ya ƙare. Hajjin shekarar ya faɗo a ƙarshen Nuwamba zuwa Disamba, tsakiyar sanyi. Bayan an sauko daga Arfa mutanen Mali sun daɗe a Makka, suka rabu da babban ayarin Masar mai rakiyar sojoji da sanin rijiyoyi. A hanyar komawa suka ɓata, sanyi da yunwa da 'yan fashi suka ci mutane da raƙuma da yawa. Da suka iso Alƙahira, sarkin da ya shigo da kayan zinariya wata shida da suka wuce sai ga shi yana neman rance wajen attajirai, su kuma suka tsawwala. Al-Umari ya ce wanda ya ba da dinari 300 ya ci ribar 700. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa.

Ɗaya daga cikin masu bin bashin, Sirajuddin ɗan Kuwaik, attajiri daga Iskandariyya, ya tura wakili bai dawo ba, sai ya ɗauki ɗansa suka ƙetare hamada da kansu. A Tumbutu suka sauka gidan Abu Ishaƙ As-Sahili, wani mawaƙi da Musa ya taho da shi daga Makka, a daren kuma Allah ya yi wa Sirajuddin rasuwa. Gari ya ɗauka da zargin an sa masa guba. Ɗan ne ya kashe maganar, ya ce shi ma abincin nan ya ci tare da mahaifinsa, da akwai guba da duk sun mutu, kwanansa ne ya ƙare. Ya wuce fadar Mali, aka biya shi kuɗinsu, ya koma Masar. Ibn Baɗuɗa ya ga kabarin Sirajuddin a Tumbutu, shi ya kawo labarin.

Shi ne sarkin Afirka ta Yamma na farko da ya yi hajji?

A'a. A gidansu ma Mansa Wali ɗan Sunjata ya riga shi, a zamanin Sarkin Masar Baibars, haka ma Sakura, wani sarkin Mali wanda aka kashe a hanyar dawowa wajen 1300. Sarakunan Kanem kuwa sun daɗe suna zuwa, har suna da makaranta da masaukin ɗalibansu a Alƙahira tun ƙarni na 13. Bayansa Askiya Muhammadu na Songhai ya je a 1496 zuwa 1497. Na Musa ya yi fice ne saboda girman ayarin da yawan kyautar.

Ina gaskiyar cewa wani sarkin Mali ya riga Kolumbus zuwa Amurka?

Tushen maganar ingantacce ne, reshen ne aka ƙara. Ibn Amir Hajib ya tambayi Musa yadda ya samu sarauta. Musa ya ce sarkin da ya gabace shi bai yarda teku ba ta da ƙarshe ba. Ya shirya jirage 200 cike da mutane, da wasu cike da ruwa da guzuri, ya ce kada su dawo sai sun ga ƙarshenta ko guzuri ya ƙare. Bayan dogon lokaci jirgi ɗaya ya dawo, mai shi ya ce sun tarar da wani ruwa mai ƙarfi yana gudu kamar kogi a tsakiyar teku, duk jirgin da ya shiga bai sake fitowa ba, shi ya juya. Sarkin bai gamsu ba. Ya shirya jirage 2,000, dubu nasa da mutanensa, dubu na ruwa da abinci, ya bar wa Musa riƙon ƙasa, ya tafi. Ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Iyakar abin da aka rubuta ke nan. Musa bai ambaci sunan sarkin ba. Sunan "Abubakar na biyu" da ya bazu kuskuren fassara ne na marubutan Turai na baya, jerin Ibn Khaldun ya fi nuna Muhammadu ɗan Ƙu. Kuma har yau ba a tono wani abu a Amurka da ya tabbatar da sun isa ba. Ana iya yin alfahari da sarkin da ya yi wannan niyya ba tare da an kai shi gaɓar da babu shaidar ya kai ba.

An ce ya kashe mahaifiyarsa, an kuma ce ya haƙa wa matarsa tafki a hamada?

Duka biyun daga Tarikhul Fattash suke. A can aka ce ya yi sanadin mutuwar mahaifiyarsa bisa kuskure, nadama ta dame shi, wani malami ya ba shi shawara ya tafi ya ziyarci Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi gafarar Ubangiji. Aka kuma ce matarsa Inari Kunate ta yi kewar wankan kogi a tsakiyar rairayi, sai aka sa dubban bayi suka haƙa rami cikin dare, aka juye salkunan ruwa har ya zama kududdufi, ta shiga ta yi wanka da kuyanginta. Littafin ya kuma ce duk garin da Juma'a ta riske shi sai ya gina masallaci. Marubutan ƙarninsa ba su kawo ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Suna nuna mana yadda mutanen Tumbutu suke tuna shi bayan shekara 300, wannan ma ilimi ne, amma a ajiye su a mazaunin hikaya.

Wani abin lura: maroƙan Mande, waɗanda ake kira jeli, masu riƙe da tarihin baka, Sunjata suke wa kirari dare da rana. Musa ba shi da wannan matsayi a bakinsu, wasu ma suna ganinsa a wanda ya kwashe dukiyar ƙasa ya kai waje. Wanda ya fi suna a duniya ba shi ne ya fi suna a gida ba.

Shi ya gina Tumbutu da jami'ar Sankore?

Tumbutu ta girme shi. Buzaye ne suka kafa ta a matsayin zango wajen shekarar 1100. Abin da Musa ya yi shi ne ya shigar da ita cikin daularsa sosai, kuma a zamaninsa aka gina babban masallacin Jingarber, wanda ake sa wa shekarar 1327. Ya dawo daga Makka tare da As-Sahili, mawaƙi kuma masanin shari'a daga Garnaɗa ta Andalus, wanda Ibn Khaldun ya ce ya gina wa sarki zauren fada mai ƙubba da ado, aka ba shi miskali 12,000. Daga nan wasu marubutan Turai suka ɗauka cewa shi ya koya wa Afirka ta Yamma ginin ƙasa. Wannan ba daidai ba ne. Tonon da aka yi a tsohon garin Jenne-Jeno ya nuna ana gini da tubalin ƙasa a yankin ɗaruruwan shekaru kafin a haifi As-Sahili.

Sankore kuwa masallaci ne, Tarikhus Sudan ya ce wata mata mai dukiya ce ta gina shi. Kalmar jami'a tana sa mutum ya hango shugaba da rajista da takardar digiri. Abin da ke Tumbutu shi ne abin da muka sani a Kano da Zariya da Katsina: malami a zaurensa ko a harabar masallaci, ɗalibi ya zo da littafinsa ya durƙusa ya ɗauki karatu, in ya sauke a ba shi ijaza, ya wuce wajen wani malamin. Musa ya tura ɗalibai Fas ta Maroko su yi karatu, ya jawo malamai, ya dasa iri. Amma ganiyar ilimin Tumbutu ta zo ne a ƙarni na 16, zamanin Askiyoyi, zamanin su Ahmad Baba, wanda sojojin Maroko suka tafi da shi Marrakesh a 1594.

Hoton da ake yaɗawa kamanninsa ne?

A'a. Daga wata taswira yake da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375, wadda ake jingina wa Abraham Kreskes, Bayahude mai zanen taswira. Tana ajiye a babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa a Paris. Mai zanen bai taɓa ganin Musa ba, ya yi shi ne kusan shekara 40 bayan rasuwarsa, ya sa masa kambi da sanda irin na sarakunan Turai. Darajar hoton ita ce ya nuna yadda labarin hajjin ya ƙetare Bahar Rum, har masu jiragen ruwa suna sa Mali a taswirarsu. Ƙarni ɗaya bayan haka jiragen Fotugal suna bin gaɓar Afirka suna neman hanyar zinariyar nan ta teku.

Bayi fa? Ba a cika ambatonsu ba.

Ya kamata a ambata. Dubban da suka ɗauki kayan ayarin bayi ne, masu saran gishiri a Tagaza bayi ne, kuma mutum yana cikin hajar da ke ƙetare hamada tare da zinariya. Ibn Baɗuɗa ya koma arewa daga Takadda cikin ayari mai ɗauke da kuyangi kusan 600. A Alƙahira ma Musa ya sayi kuyangi ya taho da su. Da yawa daga cikin waɗanda sanyi ya kashe a hanyar Makka ba su ne suka zaɓi tafiyar ba, kuma babu wanda ya rubuta sunan ko ɗaya.

Akwai abin da ya haɗa wannan tarihi da ƙasar Hausa?

Akwai, kuma ba ƙarami ba. Mali ba ta mulki ƙasar Hausa ba, amma mutanenta sun zo. Kundin tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali su kimanin 40, shugabansu Abdurrahman Zaite, suka kawo wa sarki addini, ya naɗa liman da ladan da alƙali daga cikinsu, suka kuma taya shi da addu'a a yaƙinsa da garin Santolo. Wani rubutun na zuriyar Wangarawan ya kawo zuwan nasu daga baya, zamanin Muhammadu Rumfa. Ko wanne aka ɗauka, hanyar ɗaya ce: malamai da fatake 'yan Mande, masu mazhabar Malikiyya, suna gangarowa gabas da littattafai da haja. Unguwanni irin su Madabo da Mandawari a cikin birnin Kano suna riƙe da wannan tarihi har yau.

Sai kuma Takadda, garin jan ƙarfe a yankin Azbin, cikin Nijar ta yau. Ibn Baɗuɗa ya sauka a can a 1353, ya ce ana kai jan ƙarfen garin Barno da wata ƙasa da ya kira Kubar. Masana da yawa sun tafi a kan Gobir yake nufi, wanda ya sa wannan yana cikin ambato mafi daɗewa na wata ƙasar Hausa a rubuce.

Yaya daular ta kasance bayansa?

Ya rasu wajen 1337. Al-Umari ya ce ya yi niyyar sauka ya bar wa ɗansa sarauta ya koma Makka da zama, ajali ya riga shi. Ɗansa Maga ya yi shekara huɗu, sannan Sulaiman ya hau. Ibn Baɗuɗa ya iske mutane suna ta yabon kyautar Musa suna kukan rowar Sulaiman. Shi kansa da aka ce ga saƙon sarki, ya miƙe yana zaton riguna da kuɗi, sai ya ga gurasa uku da yankin naman sa soyayye da ƙwaryar nono. Duk da haushin da ya ji, ya yaba abin da ya gani: matafiyi ba ya tsoron ɓarawo, ba a taɓa dukiyar baƙon da ya mutu sai magajinsa ya zo, ranar Juma'a kuma in ba ka tura yaro da tabarma da wuri ba, ba za ka samu wurin salla ba.

Bayan Sulaiman rigimar gado ta raunana gidan. Buzaye suka karɓe Tumbutu wajen 1433, Sonni Ali na Songhai ya ci ta a 1468, Mali ta koma ƙaramar sarauta a ƙasarta ta asali.

Ina fadarsa take, kuma me ya rage da ido zai gani?

An daɗe ana cewa Niani ce, wani ƙauye a Gini kusa da iyakar Mali. Masu tonon tarihi daga Folan da Gini sun yi aiki a wurin a 1965 da 1968 da 1973, amma abin da suka tono bai nuna babban birni na ƙarni na 14 ba, don haka masana suna ta muhawara a kan inda fadar take. Zauren As-Sahili mai ƙubba bai rage ba. Ginin ƙasa in an bar shi shekaru kaɗan ba yaɓe, damina takan mai da shi inda ya fito.

Wanda ya rage shi ne Jingarber. An sha rushe sassansa ana faɗaɗawa, musamman a ƙarni na 16, kuma yana cikin wuraren da hukumar UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1988. Itatuwan da suke leƙowa daga jikin hasumiyarsa matakala ce ta magina. Idan lokacin gyara ya yi, mutanen gari sukan fito, wasu na kwaɓa ƙasa, yara na jigila da kwanduna, magina su hau kan itatuwan nan su shafe bangon da tafin hannu, kuma ana salla a cikinsa har yau.